Kabewar da Aka Yi wa Haƙora

A ƙauyenmu na bayan duwatsun Mutoko, in ka ji muryar tsohuwa tana tashi tun da hantsi, ba sai ka leƙa ta kan shinge ba. Mbuya Marwei ce, wato Kaka Marwei, kuma a kan kabewa ne. Sauran tsofaffi sukan yi faɗa don akuya ta shiga gona, ko don jika ya wuce bai tafa hannu ya gaishe su ba. Ita nata faɗan guda ne tun muna yara: wani ya fasa kabewa ya watsar da kayan cikinta. Ta taɓa bin matar fasto har ƙofar gida da 'ya'yan kabewa a tafin hannu, waɗanda ta tsinto a jujin matar, tana tambayarta ko a littafin da mijinta ke karantawa an ce a zubar da abinci. Mata suna tsoron bakinta, amma ban taɓa jin wadda ta ce ƙarya ta yi ba.

Kabewa dai ba baƙuwa ba ce a wajenmu, kowane gida da tasa tana yaɗo a ƙarƙashin masara. Amma ta Marwei daban take. Bayanta ruwan toka ne, duk ƙuraje kamar bayan kwaɗo, ga tauri, sai da gatari ake shiga. Cikinta kuwa ja ne, gari-gari, ba ruwa. In aka dafa ta aka tuƙe da markaɗaɗɗiyar gyaɗa aka yi nhopi, ba mai neman sukari. Tana kuma iya yin wata shida a kan jinka ba ta ruɓe ba, lokacin da na kanti tuni sun zama ruwa.

Ranar da aka kawo Marwei gidan miji daga ƙetaren kogin Nyadire, uwarta ta ƙulle mata 'ya'yan kabewar nan goma sha biyu a haɓar zani. Ita ma uwar haka aka yi mata. Haka abin yake a wajenmu, namiji ya gaji gona da shanu, mace ta gaji abin da ake jefawa a rami. Lokacin yaƙi, da aka kwashe mutanen ƙauyuka aka tara su a sansani mai shingen waya, kowa ya ɗauki abin da kansa zai iya. Wasu bargo, wasu tukwane. Marwei ta goya ɗa, ta rungumi tulun iri, ta bar mijinta Chakanyuka yana fama da gadon katako. Gadon ya karye a hanya, ita kuma ta yi shekara talatin tana tuna masa har ya mutu.

Ta haifi biyar, ta binne uku. 'Yarta mace da ta rage tana can Johannesburg a ɗakin haya hawa na shida, inda ko barkono ba a shukawa. Saura Garikai, auta, mai aiki a ofishin inshora a Harare, da matarsa Vimbiso, malama a wata makarantar ƙananan yara ta masu hali. Marwei ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta riga ta yanke a ranta cewa Vimbiso za ta bar wa irin in lokaci ya yi. Yarinyar tana da ladabi, tana durƙusawa, ba ta ƙyamar hayaƙi. Sai dai lokacin bai taɓa yi ba, don a idon Marwei ba wanda ya isa tukuna.

Yadda take buɗe kabewa ma abin kallo ne. Za ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta sa faifai a cinya, ta zura hannu ta kwarfe cikin tas. Sai ta bi 'ya'yan ɗaya-ɗaya tana tsamo su daga zaren nan mai yauƙi. 'Ya'yan a soya su a kasko da ruwan gishiri, ko a daka a dunƙula a jefa a miyar ganye. Zaren ya shiga tukunya, ɓawon ya tafi wa aladen maƙwabta, karan kai kuma a tura shi murhu. In wata ta zo taya ta, suyar kawai take bar mata. Vimbiso ta zo hutu ya fi sau goma, kuma duk zuwan kasko aka miƙa mata.

Amma akwai kabewar da ba a soya 'ya'yanta. Duk lokacin girbi Marwei takan zaɓi biyu mafi girma ta ɗora a kan jinkar rumbu. Ɗaya ta shafa mata toka a ka. Wannan ce uwar iri, ba a taɓa ta sai gajimare ya fara haɗuwa a ƙarshen Oktoba, don Marwei ta ce iri ya fi kwana lafiya a cikin uwarsa. Ranar za ta fasa ta ita kaɗai, ta matsa kowane ɗa tsakanin yatsu, ta ware mai ciki da fanko, ta shanya a inuwa, ta gauraya da toka a tulu. Ta biyun kuwa ta Garikai ce. 'Ya'yan birni kun san su, su zo da burodi biyu da ledar sukari, su koma bayan mota yana jan ƙasa. Shekara ashirin yana zuwa yana miƙa hannu kan jinka, uwarsa na nuna masa tasa, bai taɓa tambayar me ya sa ɗayar take da toka ba. Ita ma ba ta taɓa faɗa masa ba. Zancen iri na mata ne, a cewarta, me namiji zai yi da shi.

Sai aka yi shekarar farin nan. Ruwa ya zo a Nuwamba ya yaudare mu, kowa ya shuka, ya ɗauke. Ya dawo bayan Kirsimeti, aka sake shukawa, ya sake ɗaukewa. Marwei ta shuka sau uku, har ta kife tulun ta buga gindinsa. Matan da ta taɓa ɗibar wa iri su ma haka, wadda ta samu 'yar ƙanƙanuwar kabewa kuwa yunwa ta sa ta cinye har 'ya'yan. A duk ƙauyen yaɗo ɗaya ne ya rayu, wanda ya fito a bayan madafin Marwei inda take zubar da ruwan wanke-wanke. Ta riƙa hana kanta wanka tana ba shi ruwa. Ya yi kabewa ɗaya tak, amma ƙatuwa, sai da mata biyu suka kama mata aka ɗora a jinka. Ta shafa mata toka da hannu biyu.

Wata biyar tana cin sadza, tuwon masararmu, da busasshen ganye, ran da babu garin ta sha ruwan zafi ta haƙura. Hanji na kuka, ga abinci a sama yana kallonta, ba ta ko ɗaga gatari ba. Duk abin da uwarta da kakarta suka riƙe ya dawo cikin ɓawo ɗaya, kuma ta san haka.

A makon ƙarshe na Oktoba gajimare ya fara leƙowa. Ta wasa gatari ran Litinin da niyyar fasawa Laraba. Ran Talata aka aiko cewa ƙanwar mijinta ta rasu a wani ƙauye, tafiyar rabin yini. Matar gida ba ta ƙin makokin dangin miji ko da rarrafe ne, don su ne masu girki da ɗibar ruwa. Ta tafi ta yi kwana uku tana yi wa ƙananan surukai tsawa a bakin tukwane. Ta dawo Juma'a da rana tsaka, tun daga bakin hanya ta ɗaga kai, ta ga ba komai a jinka sai loɓawar da kabewar ta bari a ciyawa.

Maƙwabciyarta Esnati ce ta ba ta labari, daga bayan shinge, don ta san gaban shinge ba wurin tsayawa ba ne ranar. Garikai ya zo Laraba, bai tarar da kowa ba, ya ajiye burodi da sukari a ƙofar ɗaki, ya taka turmi ya sauke kabewar. Har ya zaro hankici ya goge tokar tas, kada ta ɓata masa mota.

"Kina tsaye?" in ji Marwei.

"Ina tsaye. Har mun gaisa."

"Bakin naki fa, aro kika ba da shi?"

"Haba Marwei, yaushe aka fara hana ɗa ɗaukar abu a jinkar uwarsa? Na ɗauka ke kika ce ya zo."

Gaskiyar Esnati ce, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Marwei ta sa ta kira mata shi a waya. Ya ɗauka da fara'a yana ta godiya, wai bana Amai, haka yake kiran uwar tasa, ta yi bajinta, ya kai wa Vimbiso kabewar makaranta, an ma gyara ta, kowa ita yake kallo. Marwei ba ta gane me ake nufi da gyara kabewa ba. Ta tambaye shi abin da aka yi da kayan cikin. Ya ce shi bai duba ba, kabewa ce fa Amai, in tana so zai turo mata goma daga kanti. Ta miƙa wa Esnati wayar yana cikin magana.

Washegari ta hau motar farko. Ta zauna tsakanin kwandunan tumatir har tashar Mbare a Harare. Kwandasta ya ce Mbuya ki ɗan matsa, kallo ɗaya ta yi masa ya nemi wani wurin cusa fasinjansa. Garikai ya tarye ta da farar riga da takalmi mai ƙyalli. Ya haɗa hannu zai fara gaisuwa, ta ce ya ajiye gaisuwar ya kai ta inda kabewarta take.

A mota ya yi mata bayani, yana magana a hankali kamar da mara lafiya. Al'adar Turawa ce, in ji shi. Ƙarshen Oktoba ake ƙwaƙule kabewa a yi mata fuska a kunna kyandir a ciki, yara su sa kayan fatalwa da na mayu, iyaye su ɗauki hoto. Marwei ta juyo ta dube shi. A ƙauyenmu kalmar maita ta raba gidaje, ta sa tsofaffi sun mutu ba mai miƙa musu ruwa. A nan kuwa ɗinka wa yara hular ake yi.

Makarantar tana unguwar masu doguwar katanga. Asabar ce, ba yara, sai malamai da wasu iyaye ana kwashe kayan bikin jiya. An jera kabeyin a baranda, 'yan kanti masu santsi, tata kuma a tsakiya, ta fi kowacce girma. An yanke mata ƙeya, an huda idanu biyu, an tsaga baki an fitar da haƙora. Yunwarta ta wata biyar ke nan zaune tana yi mata dariya, har an manna mata jan ƙyalle wai ita ta zo ta ɗaya. Marwei ta zura hannu ta shafa ciki. Hayaƙi ya baƙanta shi, kakin kyandir ya daskare a gindi. An kankare shi fes da cokali, ko ɗa ɗaya bai maƙale ba.

Vimbiso ta fito da sauri, ta durƙusa a kan siminti gaban abokan aikinta, ta tafa hannu yadda ya kamata. Fuskarta cike da murna, tana riƙe da kwalba.

"Amai, ban zubar ba," in ji ta. "Sauran malamai duk kwandon shara suka juye nasu, ni na ce surukata sai ta kashe ni. Na tsince 'ya'yan na soya da ruwan gishiri yadda kika koya mini. Yara sun ci, iyaye har tambaya suke yi. Wannan na rage miki."

Marwei ta karɓi kwalbar ta buɗe. Ta ɗauki ɗaya ta fasa da haƙori ta duba. Cike yake taf, fari sol, irin ɗan da in ta samu ashirin a shekara takan gode wa Allah. An soya shi daidai, bai ƙone ba, gishiri ya ji. Hannunta ne, ba shakka, ita ta koyar.

Abin da ya taso mata ba kuka ba ne. Fushi ne irin wanda ke toshe kunne, ta kuma rasa wanda za ta sauke wa, don duk inda ta juya sai ta ga sawunta a ciki. Ta sauke a kan Garikai dai, shi ne mafi kusa kuma mafi tsawo. Ta ce shekara arba'in yana cin kabewar nan bai taɓa tambayar daga ina take fitowa ba, ko ya ɗauka jinka ce ke haihuwarta. Ta ce ko kaza in ta ga an shafa wa abu toka takan tsaya ta karkata kai. Ta gaya masa wata nawa ta yi tana ɗaure ciki a ƙarƙashin abin da ya goge da hankici. Ta gaya masa babu wata, ko a Mutoko ko a ƙetaren Nyadire, wannan ce ta ƙarshe. Da ta kai nan sai Vimbiso ta ɗora hannu biyu a ka. Garikai kuwa waige kawai yake yi, yana cewa Amai a hankali, mutane na kallo.

"Su kalla. Ba kallo suka zo yi jiya ba?" Ta juya ga Vimbiso. "Zaren cikin fa, shi ma kin soya?"

Vimbiso ta ce a'a, tun Alhamis ta ba mai lambu ya kai ramin taki.

Mai lambun, Sekuru Mwale, dattijo ne ɗan asalin Malawi. Tun ɗazu yana tsaye da tiyo a hannu, ruwa na zuba a kan takalminsa na roba bai sani ba. Shi aka ba zarto ya buɗe kabewar da wuƙaƙen malamai suka gaza. Ya cire hula ya ce tun da ya ga bayanta jikinsa ya yi sanyi, don rabonsa da irinta tun gonar uwarsa. Ya so ya roƙi 'ya'ya ko biyar, amma mai lambu ba ya roƙon malamai. Shi ya sa da aka ba shi zaren ya zuba shi a kusurwa guda ya rufe da ciyawa, da niyyar ya zo ya tona ran Lahadi in ba kowa.

Ramin yana bayan ajujuwa, zurfinsa ya kai ƙugu, cike da yankakkiyar ciyawa da ɓawon lemo, tururi na tashi. Marwei ta gyara ɗaurin zani, ta zauna a baki, ta zurma ciki, tsohuwa mai shekara saba'in da biyar. Garikai ya ce don Allah ta fito, a sa mai lambu ya yi.

"Cire takalmin," in ji ta.

Ya dubi iyayen da suka biyo su suka yi cirko-cirko.

"Hannun da ya iya miƙewa kan jinka ya iya shiga juji. Cire."

Ya cire. Suka kusa awa guda suna tono, uwa da ɗa. Zaren ya yi baƙi ya fara tsami, kiyashi sun yi masa caa, suna hawa hannun farar rigar. Vimbiso ta durƙusa a bakin ramin da faranti ana miƙo mata. Abin haushin shi ne yarinyar ta iya tsinta, ko Marwei sai haka, kusan ba ta bar komai ba. Da suka gama juya kusurwar sau biyu, goma sha ɗaya ne a farantin.

Marwei ta wanke su a bakin tiyo, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta fara matsawa tsakanin yatsu. Na farko fanko, na biyu fanko. Ta bi su duka, ta sake bi, kamar bi na biyu zai sa musu ciki. Bakwai fanko ne. Huɗu suka tsaya a yatsa.

Ta daɗe tana kallon huɗun a tafin hannunta. Shekara hamsin da ɗoriya tana ganin iri ba shi da lafiya sai a hannunta, ga inda abin ya kai ta, jinka ɗaya, miƙa hannu ɗaya ya isa. Ko ta kai su gida lafiya, akwai akuyar Esnati, akwai ruwan da ke zuwa ya ɗauke. Ta ɗaga kai ta tambayi Sekuru Mwale ko yana da wuri. Ya ce akwai ɗan fili a bayan ɗakinsa, ga famfo kusa. Ta tambaye shi inda ake shuka kabewa, ya ce kan tsohon juji ko gindin suri. Ta tambaye shi wadda ake bari iri, ya ce ta farko a yaɗo, ta kusa da gindi, a kuma ajiye 'ya'yan cikin toka. Ta ware biyu ta sa masa a tafi. Ya karɓa da hannu biyu.

A wajenmu ba a taɓa jin haka ba. Namiji, kuma baƙo, ba dangin iya ba na baba, ga surukarta a durƙushe a gabanta.

"Amai," in ji Vimbiso, murya ƙasa-ƙasa, "ko ɗaya ne. Ina da wuri a bayan gida. Yanzu na sani."

Ni in an tambaye ni, yarinyar nan ba ta da laifin da ya kai ƙwayar gero. Abin da aka koya mata ta yi, abin da aka ɓoye mata ne ba ta yi ba. Marwei ma ta san haka, ta kuma san a ranta wa ta daɗe tana ajiye wa irin. Amma fushin bai gama da ita ba, kuma ita ba ta taɓa iya haɗiye shi ba tun tana budurwa. Ta jawo kwalbar ta tura ta gaban gwiwar Vimbiso.

"Naku kun soya," ta ce. "Ku ci."

Ta naɗe biyun da suka rage a ganye ta cusa a ɗankwali, ta dafa ƙasa ta miƙe. Garikai yana cikin ramin ba takalmi, yana cewa ta tsaya ya wanke ƙafa ya kai ta tasha. Ta tambayi Sekuru Mwale inda ake hawa motar Mbare, ya nuna mata. Har ta kai ƙofar makarantar tana jin kukan Vimbiso a bayanta, kukan da ake dannewa saboda mutane, kuma ya shiga mata rai fiye da haƙoran kabewar. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya, ɗaya kawai cikin biyun za ta kai gida.